Yadda za ka haɗa keken tirayatalon a Bauchi ba tare da kuɗin wili sun karya ka ba

Duk wanda ya fara sha'awar tirayatalon, tseren nan da ake haɗa ninkaya da tuƙin keke da gudu a jere ba hutu, ƙafafun kekunan ne ke fara ɗaukar masa ido. Baƙaƙen wili masu faɗin gefe, wani na bayan ma a rufe ruf, suna wucewa da wani irin gurnani. Sai mutum ya ɗauki waya ya duba farashi, ya tarar manyan na kamfanoni irin su Zipp da Enve, gaba da baya kawai, ba taya ba tiyub, suna haura dala 2000. Ka juya wannan zuwa naira, ka tuna irin tsallen da dala ta yi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, za ka gane abin da ke sa samari da yawa su ajiye sha'awar tun ba su taka feda ba.

To, ba sai an kai can ba. Kashe kuɗi a wannan wasa yana da jeri, kuma wili mai tsada a ƙarshen layi yake. Ga yadda za ka bi shi, da la'akari da titunanmu da iskarmu da kuma masu gyaran da muke da su.

Mataki na farko: san tseren da ka nufa

Tazara ita ke faɗa maka kayan da kake bukata. Gajeren tsere ninkaya mita 750 ne, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Na Olamfik, wanda aka fara yi a gasar Sidni ta shekarar 2000, ninkin wannan ne: mita 1500, kilomita 40, kilomita 10. Sai babbansu, Ironman, da aka faro a Hawai a 1978, inda bayan ninkaya kilomita 3.8 za a tuƙa keke kilomita 180, a rufe da gudun kilomita 42.2. Kilomita 180 ya zarce nisan Bauchi zuwa Gombe. Mai irin wannan tafiya, da zai kwashe awa biyar ko shida a kan sirdi, shi ne ɗan abin da wili ke rage masa ke taruwa ya zama mintuna. Kai da za ka fara da kilomita 20, ribar daƙiƙoƙi ce.

Tun da wuraren ninkaya ba su da yawa a wajenmu, mai yiwuwa ma tseren da za ka fara samu irin wanda ake gudu a hau keke a sake gudu ne, babu ruwa. Ko wanne ne, ka tambayi masu shiryawa abu guda tun kafin ka sayi komai: an yarda a laɓe a bayan wani mai keke don ya tare maka iska, ko an hana? A yawancin tseren 'yan sha'awa an hana, dole ka bar tazarar mita 10 ko 12 tsakaninka da na gabanka. Amsar nan za ta yi maka amfani a mataki na huɗu.

Mataki na biyu: keken kansa, da lambar da ke jikin taya

Ba ka bukatar keken da aka ƙera musamman don tirayatalon. Keken tsere na hannu, mai lanƙwasasshen kai da firam na alminiyom, ya isa ka yi shekaru. Ka duba sunan da ke jikin giya. Kamfanin Shimano na Japan ya jera nasa daga ƙasa zuwa sama: Claris mai hawa 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 da Ultegra da Dura-Ace. Ni a ganina mai 8 ko 9 ya fi dacewa da mai farawa a Bauchi. Sarƙarsa ta fi kauri, ta fi jure ƙura, ta fi arha, kuma in ta tsinke ba sai ka jira saƙo daga Legas ba.

Girma ya fi suna muhimmanci. Ka hau, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Da ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, nan ne daidai tsayin sirdi. In kuma sai ka yi miƙa kafin hannunka ya kai birki, keken ya yi maka girma, ka bar shi komai arharsa.

Yanzu ka sunkuya ka karanta gefen taya. Lambar da kake nema 622 ce, galibi a rubuce kamar 25-622 ko 28-622, ko kuma 700x25C. A 25-622, lambar farko faɗin taya ne a milimita, 622 kuma girman bakin wili. A nan mutane da yawa ke asarar kuɗi. Tayar tsofaffin kekunan da iyayenmu suka hau, irin su Raleigh da Phoenix, ana ce mata 28, ita ma tayar keken tsere wasu kamfanonin Turai suna rubuta mata 28. Amma ta Phoenix 635 ce, ba za ta zauna a wilin 622 ba ko za a kwana ana dannawa. Akwai kuma tsofaffin kekunan tsere masu taya 27, su kuma 630 ne, kuma tayarsu mai kyau wahalar samu gare ta. In ka je Wunti ko Muda Lawal neman taya, kar ka ce a ba ka 28. Ka ce, “Maigida, duba mini gefenta, 622 nake so,” ka kuma gani da idonka.

Mataki na uku: taya, inda kuɗinka ya fi yin aiki

In za ka ji shawara ɗaya tak a rubutun nan, to ta nan ce. Faci ɗaya a tsakiyar tsere yana cin minti biyar zuwa goma a hannun wanda ya iya, ya fi haka a hannun wanda bai iya ba. Wili mai zurfi kuwa, wato mai faɗin gefen nan, a kilomita 40, abin da yake ragewa ba ya cika wuce minti ɗaya zuwa biyu. Ke nan ƙayar tsidau guda ta isa ta cinye ribar wilin dala 2000 har ta nemi ƙari.

Kuma tsidau muna da shi. Bayan damina, in ya bushe, 'ya'yansa masu ƙahoni suna nan zube a gefen kwalta, daidai inda tirela za ta tilasta maka sauka. Ga fasassun kwalabe, ga guntayen wayar tsohuwar tayar mota. Don haka tayar atisaye ta zama mai kauri da shimfiɗar kariya a ciki, irin Continental Gatorskin ko makamanciyarta daga Schwalbe. Tayar tsere zalla, irin Grand Prix 5000, ta fi santsin tafiya kuma bambancin ana jin sa a ƙafa, sai dai ba ta kai waccan jure ƙaya ba. Mai hali ya sayi biyun, ya ajiye mai santsin sai ranar tsere. Marar hali ya tsaya a mai kaurin, ba abin kunya ba ne.

Faɗi kuwa, in firam ɗinka zai ɗauka, ka sa mai milimita 28. Da can ana ganin siririya mai 23 da aka cika ta yi tauri ita ce mai gudu, amma a titi mai gargada tsalle take yi, tsallen nan kuma ƙarfinka yake sha. Ka tabbata dai akwai sararin milimita 3 ko 4 tsakanin taya da firam ta kowane gefe, don tsofaffin kekuna da yawa ba sa wuce 25. Mutum mai nauyin kilo 70 a kan taya 28 zai zauna lafiya tsakanin psi 65 da 80 a ma'aunin famfo, mai nauyi ya ƙara, marar nauyi ya rage. In iska ta yi ƙasa da yawa ka faɗa rami, bakin wili zai datse tiyub ya yi masa huda biyu gefe da gefe. In ka ga irin wannan hudar, kar ka ɓata lokacin neman ƙaya, iska ce ta yi kaɗan.

Bawul ɗin keken tsere siriri ne mai ɗan noti a kai, ba irin na mota da babur ba, don haka bakin injin mai faci ba ya kama shi. Akwai ɗan ƙaramin ƙarfe da ake murɗawa a kai ya mayar da shi irin na mota. Ka sayi biyu, ɗaya a aljihun sirdi, ɗaya a gida. Famfo na tsaye mai ma'auni shi ma dole ne, domin matsa taya da yatsa ba ya gaya maka komai a irin wannan iska.

Ranar da ka yi faci, bayan ka zare tiyub, ka ɗauki ɗan ƙullin auduga ka zaga da shi cikin tayar a hankali. Inda ƙaya ta leƙo, ko da ido bai gan ta ba, zaren audugar zai maƙale. Ka tura ta waje ta ciki da bakin allura. Wanda ya tsallake wannan zai sa sabon tiyub, kafin ya kai shataletale na gaba ya sake sacewa.

Tubles fa, wato tayar da ba a sa mata tiyub? Yana da kyau ga ƙaya, don ruwan da ake zubawa ciki yana toshe ƙananan huda kana tafe. Matsalarsa a nan biyu ce: zafinmu yana busar da ruwan cikin 'yan watanni, kuma ba a samun sa a kowane shago. In ba ka da hanyar samunsa a kai a kai, ka zauna a tiyub.

Kafin mu bar ƙasan keke, sarƙa. Kar ka bari a shafa mata baƙin mai. Da ƙurar hunturu ta hau shi sai ya zama abin da ke cin haƙoran giya a hankali. Ka wanke ta da kalanzir da tsohon buroshi, ta bushe, ka ɗiga mata man sarƙa marar danƙo a kowace gaɓa, ka goge na waje da tsumma har sai ta daina baƙanta hannu.

Mataki na huɗu: jikinka shi ne babban abin da iska ke duka

Da gudu ya kai kilomita 25 zuwa 30 a awa a shimfiɗaɗɗen titi, mafi yawan ƙarfinka a kan ture iska yake tafiya. Cikin wannan turjiya kuma, kashi 70 zuwa 80 cikin 100 daga jikin mahayi take, sauran ne na keke gaba ɗayansa, wili wani yanki ne kawai a ciki. Mutum ya sa wilin kabon, irin baƙaƙen nan masu tsada, amma yana zaune a miƙe, riga tana kaɗawa a bayansa, linzamin azurfa ne a bakin jaki.

Maganin mai arha shi ne sandunan jingina, ƙarafa biyu da ake ɗaurawa a tsakiyar kan keke, masu ɗan matashi inda gwiwar hannu ke kwanciya. Suna tattara hannuwanka gaba, su sauke ƙirjinka, su rage faɗin da kake nuna wa iska. Na alminiyom ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin wilin kabon ba, amma sun fi shi rage lokaci. Ka auna kaurin kan kekenka kafin ka saya: na zamani milimita 31.8 ne, tsofaffi 26 ko 25.4. Bayan ka ɗaura, ka ɗan matso da sirdi gaba don cinya ta daina dukan ciki.

Gargaɗi biyu. In tseren irin wanda aka yarda a laɓe a bayan juna ne, dokar hukumar tirayatalon ta duniya ba ta yarda da sandunan ba, ka ga amfanin tambayar da na ce ka yi. Na biyu, hannunka na kansu ya yi nisa da birki. Kar ka kwanta a kansu cikin gari, inda ɗan acaɓa zai iya yanko maka ko akuya ta tsallaka. Ka koya a hanyar Dass ko ta Ningi bayan sallar asuba, lokacin da titi bai cika ba, da fitila mai walƙiya a bayanka.

Hular kwano ba zaɓi ba ce, ba a barin kowa ya shiga tsere babu ita, kuma doka ta ce ka ɗaure igiyarta kafin ka taɓa keke a wurin sauya kaya. Ka duba cikinta ka ga tambarin EN 1078 na Turai ko CPSC na Amurka. Ita kam kar ka saya a gwanjo. Farin soson da ke ciki duka ɗaya yake ɗauka, in ya taɓa buguwa ya gama aiki ko da waje na sheƙi. Riga kuma ta kama jiki, ta rufe ƙirji, don an hana tuƙi ko gudu ba riga. Mai son ya rufe gwiwa, ko 'yar'uwar da ke son dogon hannu da dogon wando da abin rufe kai, akwai masu kama jiki da ba sa shan ruwa, a sanar da masu shirya tsere tun da wuri don kar a yi gardama a bakin layi.

Mataki na biyar: sai yanzu wili

Ka fara da wanda ke jikin keken. Kai shi wajen mai gyara ya ɗaure wayoyi ya miƙe shi, ya buɗe cibiya ya wanke boris ya sa sabon giris. Sau da yawa keken da ake ce wa mai nauyi, abin da ke damunsa ke nan.

In dole sai ka canja, wilin alminiyom mai zurfin milimita 25 zuwa 30, mai waya 28 ko 32 a baya, shi ne abokin titunanmu.  Dalilina ɗaya ne: in ka faɗa rami alminiyom lotsawa yake yi, mai gyara ya miƙe shi ka koma gida. Waya ɗaya ta tsinke cikin 32, wili zai ɗan karkace ka ci gaba da tafiya. Ta tsinke cikin 20, sai ya kama birki ka sauka ka tura. Kabon kuwa ba ya lotsawa, tsagewa yake, kuma ba abin da mai walda zai iya yi masa. Ka kuma kula da siffar wayar: mai lanƙwasa a kai kowane mai gyara ya san ta, miƙaƙƙiya ko mai faɗi ta musamman in ta tsinke sai an yi oda.

Wanda duk da haka ransa ya biya wa kabon, kuma ya riga ya gama da matakan baya, to ya tsaya a zurfin 40 zuwa 50. Mai 60 ko 80 a gaba yana kama iskar gefe ya fizgi kan keke. Ka tuna iskar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka tuna kuma bugun iskar tankar mai in ta wuce ka a hanyar Jos. Ko a gasar Ironman ta duniya da ake yi a Kona ta Hawai an hana rufaffen wili saboda iskar gefe. Kamfanonin Sin irin su Elitewheels da Farsports da Winspace suna sayar da kabon a ƙasa da rabin kuɗin manyan, kuma su sunansu na jikin kayansu. Abin gudu shi ne wilin da ba a san maƙerinsa ba aka manna masa sitikar Zipp. Araha ba ta ado, ballantana a abin da ke ɗauke da kai a gangara.

Ga abubuwan da za ka daidaita kafin kuɗi su bar hannunka, don wili ba ya shiga kowane keke. Na farko birki: in naka na roba ne mai kama gefen wili, dole wilin ya zama mai hanyar birki a gefe, na birkin faifai ba shi da ita. Kabon mai birkin roba yana son robarsa ta musamman, ba ya kamawa sosai in ruwa ya jiƙa shi, kuma a doguwar gangara irin saukowa daga Jos ta Toro, in ka riƙe birki ba saki, zafi na iya lalata gefensa. Na biyu ƙarfen tsakiya: keken birkin roba faɗinsa milimita 100 ne a gaba, 130 a baya, da siririn ƙarfe mai hannun buɗewa. Na birkin faifai na zamani 100 ne da 142, da ƙarfe mai kaurin milimita 12 da ake murɗawa. Na uku mazaunin giya: na Shimano mai hawa 11 yana ɗaukar giya 8 ko 9 ko 10 in an sa zoben cike gurbi na milimita 1.85, amma yawancin giya 11 ba sa shiga mazaunin 10. Na kamfanin Campagnolo daban ne gaba ɗaya. Sai bawul: wili mai zurfin 50 yana son tiyub mai bawul 60 zuwa 80, gajere ba zai leƙo ba. In kuma aka ce maka bakin wilin ba shi da ƙugiyar riƙe taya a ciki, irin sabon yayin nan, to tayar tubles da aka amince da ita kawai yake ɗauka, kuma iska ba ta wuce psi 72.

Duba na hannu kuwa ba a yin sa a tsaye cikin sauri. Ka nemi benci ka zauna. Riƙe ƙarfen tsakiya da yatsu biyu ka juya wilin: in ka ji ƙaiƙayi kamar yashi a yatsunka, boris ya tafi. Girgiza shi gefe da gefe, kar ya yi wasa. Ka sa shi a keke ka juya, idonka a kan tazarar da ke tsakaninsa da robar birki, ka ga ko yana matsowa yana ja da baya. Matsa wayoyi bibbiyu da hannu, ka ji ko akwai sakakkiya. A alminiyom, ka shafa hanyar birki da ɗan yatsa: in ta yi kwari ta cinye, wata rana iska za ta fasa ta. A kabon, ka sa a cire taya, ka fita da shi hasken rana, ka bi ramukan waya ɗaya bayan ɗaya da bakin wilin kana neman tsaga ko kumburi ko wurin da ya yi fari. Sannan ka ɗauki ɗan makulli ka riƙa ƙwanƙwasa shi a hankali kana zagayawa. Lafiyayyen kabon ƙara ɗaya yake bayarwa, mai kaifi. Inda ƙarar ta mutu ta koma dum, ciki ya rabu. In mai kaya ya ce, “Haba Alhaji, fenti ne kawai ya karce,” ka yi masa godiya ka miƙe.

Akwai wata dabarar masu ƙaramin ƙarfi: murfin roba mai tauri da ake rufe wayoyin wilin baya da shi ta gefe biyu. Yana ba da mafi yawan amfanin rufaffen wili a kuɗi kaɗan, in dokar tseren ta yarda.

Mataki na shida: yadda ake sauraron masu sharhin kaya

Masu gwada kaya a YouTube suna da amfani, amma ka saurare su da kunne biyu. Abin tambaya na farko, shi ya saya ko kamfani ya aiko masa? In a ƙarƙashin bidiyon akwai lambar rangwame da sunansa, yana da kaso a cinikin. Na biyu, a wane gudu aka auna? Kamfanoni sun saba gwada wili a ɗakin iska a gudun kilomita 45 zuwa 48 a awa. Ƙarfin da ake bukata don ture iska yana hawa ne da gudu sau gudu sau gudu, don haka wat 10 na ƙarfin tuƙi da aka ce ka rage a gudun 48, in kana tafiya a 30 bai kai wat 3 ba. Gaskiya ne mai tafiya a hankali ya fi daɗewa a hanya, don haka daƙiƙoƙin da ya rage ba sa raguwa haka sosai, amma lambar da ke jikin talla ba taka ba ce. Na uku, da me aka kwatanta? In da tsohon wili mai mummunar taya ne, tayar ce ta yi rabin aikin.

Sharhin da aka yi ranar buɗe kwali ba ya gaya maka komai. Ka nemi na wanda ya yi shekara yana hawa, ka ji maganar boris da tsinkewar waya da yadda kamfani ya yi da shi da abu ya lalace. Don taya, akwai shafin Bicycle Rolling Resistance da ke auna santsi da juriyar huda a kan inji iri ɗaya. Don hula, jami'ar Virginia Tech a Amurka tana gwadawa ta ba da taurari, kuma za ka tarar da masu arha cikin waɗanda suka ci da kyau. Ka riƙa tunawa dai duk waɗannan mutane ba su san tsidau ba.

Ka kuma yi naka gwajin. Zaɓi shimfiɗaɗɗen wuri na kilomita 5, ka je ka dawo don iskar gaba da ta baya su kashe juna, waya na ƙirga lokaci. Abu ɗaya za ka canja kowane zuwa, a lokaci iri ɗaya na safiya. In abokinka na da wilin kabon, ka ara ka gwada a nan kafin ka shiga adashi dominsa.

Mataki na bakwai: biya da kawowa

Kayan na hannu sun fi yawa a Legas da Abuja da Kano, wasu a Jos, ana kuma ganin su a shafin Jiji da Facebook. Kar ka tura kuɗi gaba ɗaya ga wanda ba ka sani ba. Ka sa ɗan'uwa ko aboki da ke garin ya je ya yi duban da na zayyana, kuna kan kiran bidiyo. In za a ba direba a tasha, a sassauta iska, a naɗe cibiya da kwali, a roƙe shi kar a ɗora buhu a kai. Mai odar waje ya haɗa lissafi uku kafin ya yi murna da farashi: kuɗin kaya, kuɗin jirgi, wanda girman kwali ke sa ya yi yawa ko da wili ba shi da nauyi, da kuɗin kwastan. In ku uku ko huɗu ne, ku haɗa odar taya da tiyub da sarƙa da robar birki a kwali ɗaya.

Sauran kayan ba su da wahala. Rigar roba mai kauri da kake gani Turawa na sawa don sanyin ruwa ce, kuma doka ma ta hana ta in ruwa ya yi ɗumi, wajen digiri 22 zuwa sama a gajeren tsere. Ruwan Wikki a Yankari digiri 31 yake rani da damina, ka ga wannan kuɗin ya huta. Gilashin ninkaya kawai za ka saya: ka danna shi a ido ba tare da igiya ba, in ya manne na ɗan lokaci ya yi daidai da fuskarka. Ka yi atisaye a wurin ninkaya na otal mai mai tsaro, ka guji kududdufi da bakin dam, don tsargiya a irin ruwan nan ake ɗaukarta, kuma kar ka taɓa shiga ruwa mai zurfi kai kaɗai.

Takalmin gudu na gwanjo yana yi, in ka murɗa shi ka ji bai saki ba kuma ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba. Ka cire igiyarsa ka zura ta roba, ka zura ƙafa kawai ba ɗauri. A gajeren tsere ka tuƙa keken ma da shi a kan feda ta yau da kullum: takalmin keke mai maƙalewa yana da amfani a doguwar hanya, amma a kilomita 20 lokacin canja takalmi zai cinye abin da ya ba ka.

A ƙarƙashin sirdi kuma kullum a samu tiyub biyu, ƙarfen cire taya na roba guda biyu, faci da gam, ɗan ƙaramin famfo, makullan aleni 4 da 5, ɗan ƙarfen bawul, da ƙullin audugar nan. Ka zauna a tsakar gida ka cire tayar baya ka mayar, ka sake, har hannunka ya iya ba tare da ka tsaya tunanin ta ina sarƙa ke bi ba. Ta baya ce ta fi yin faci, don ita ke ɗauke da mafi yawan nauyinka.